Yadda ake gane iyakar kariyar motar sulke, da yadda ake zama a cikinta a hanyar da ake binne bam

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi cikin garin Sakkwato da sassafe ya ga ayarin sojoji ya fito daga barikin Giginya ya nufi gabas, wajen Isa da Sabon Birni, ya san yadda jama'a kan bi manyan motocin nan da kallo. Dogaye ne, tayoyinsu sun kusa kai ƙirjin mutum, tagoginsu ƙanana masu kauri, ga soja guda a sama ya rungumi bindiga. Na sha jin masu shayi da 'yan kabu-kabu suna cewa wanda ke cikin irin wannan mota ya gama tsira, ko bam ya taka sai dai ya ji kamar an buga ganga a nesa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta kawai aka faɗa, kuma rabin da aka bari shi ne wanda rayuka suka rataya a kansa.

Ina da dalilin damuwa da wannan batu, domin ɗan yayata soja ne, ya yi shekaru a arewa maso gabas kafin a dawo da shi wannan yanki. Ban rubuta wannan don in koya wa soja aikinsa ba. Na rubuta ne don sabon ɗauka da bai taɓa shiga motar ba, da askarawan da kan raka ayari, da 'yan jarida da ma'aikatan agaji da ake ɗauka a ciki, da jami'an da ke sa hannu a takardar sayen motoci, da kuma iyayen da ke zaune a gida suna zaton ƙarfe ya isa. Bam ɗin gefen hanya, wanda a da muke jin labarinsa daga Borno da Yobe, ya matso kusa da mu: a watan Disamba na 2024 an samu fashewa a kan hanyar Ɗansadau ta ƙaramar hukumar Maru a jihar Zamfara, maƙwabciyarmu.

Fara da duba gindin motar

Abu na farko da za a koya shi ne cewa sulken da ke tare harsashi daban ne da ginin da ke jure bam. Mota tana iya samun ƙofofi da gilashi da harsashin bindiga ba ya hudawa, amma ƙasanta a shimfiɗe yake kamar faifai, kusa da ƙasa. Idan abin fashewa ya tashi a ƙarƙashin irin wannan, iskar fashewar da ƙasar da ta tono ba su da wurin gudu, sai su daki farantin ƙarfen gaba ɗaya, su lanƙwasa shi zuwa sama, su ɗaga motar da duk wanda ke ciki cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka idan aka nuna maka mota aka ce mai sulke ce, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta kafin ka taɓa ƙofa.

Abin da kake nema shi ne gindi mai tsini kamar na kwalekwale, wato siffar harafin V. Wannan dabara a Afirka aka haife ta. A shekarun 1970, lokacin yaƙin Rodeshiya, wadda ita ce Zimbabuwe ta yau, da yaƙin kan iyakar Namibiya da Angola, nakiyoyin da ake binnewa a hanyoyin burji sun tilasta wa injiniyoyi sake tunani. Afirka ta Kudu ta fito da mota mai suna Buffel a 1978, sannan wata mai suna Casspir ta biyo baya, kuma har yau yawancin motocin da ke jure bam jikokinsu ne. Gindi mai tsini yana raba ƙarfin fashewar gida biyu ya watsa shi gefe da gefe, kamar yadda goshin jirgi ke raba ruwan gulbin Rima. Tsayin motar daga ƙasa shi ma kariya ne, domin ƙarfin fashewa yana raguwa da sauri gwargwadon nisa, taki ɗaya ma yana da tasiri. Nauyinta kuma yana hana a cilla ta sama da sauƙi.

Sai ka duba inda tayoyi suke. A motar da aka ƙera da wannan niyya, ɗakin da mutane ke zama dunƙulallen ƙarfe ne guda, tayoyi da akwatunan kaya suna daga waje, an yi su ne don su cire su tafi idan bam ya tashi. Wannan ne ya sa hoton motar da ta taka bam kan ruɗi mutane. Za a ga taya ta yi tsalle can nesa, gaban motar ya wargaje, a ce babu wanda ya fita, alhali kuwa mutanen ciki sun sauko da ƙafafunsu. Abin dubawa a irin wannan hoto shi ne ɗakin zaman: ya tsage ko bai tsage ba.

Amurka ta koyi wannan darasi da jinin 'ya'yanta a Iraƙi. Motarsu ta Humvee an ƙera ta ne a matsayin ƙaramar motar zirga-zirga mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, kuma ƙarin farantan da aka riƙa liƙa mata a gefe sun ƙara mata nauyi ba tare da sun gyara gindin ba. A 2007 sakataren tsaronsu Robert Gates ya sa sayen motocin da ake kira MRAP, wato masu jure bam da kwanton ɓauna, a gaban komai, kuma zuwa 2012 an ƙera fiye da 27,000. Daga cikin irinsu ne Amurka ta bai wa Najeriya guda 24 a watan Janairu na 2016. Mu ma yanzu muna ƙera namu: kamfanin Proforce da ke jihar Ogun yana yin Ara, masana'antar tsaro ta DICON da ke Kaduna kuma ta fito da Ezugwu a 2019.

Tambayi lambar gwaji

Kalmar "mai sulke" ba ta da ma'auni, kowane dillali yana iya faɗarta. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne na ƙungiyar tsaro ta NATO, mai suna STANAG 4569. A ɓangarensa na nakiya, mataki na 2 yana nufin an gwada motar da abin fashewa mai nauyin kilo 6, mataki na 3 kilo 8, mataki na 4 kilo 10. Bayan lambar akwai harafi: "a" yana nufin an tayar da shi a ƙarƙashin taya, "b" kuma a ƙarƙashin tsakiyar motar, wanda shi ne gwaji mafi tsanani. A lokacin gwajin ana zaunar da mutum-mutumi mai na'urori a kujera, a auna ƙarfin da ya ratsa ƙwaurinsa da ƙashin bayansa da wuyansa, domin motar da ta fita lafiya amma ta karya bayan mai zama ba ta ci jarrabawa ba.

Ga jami'in da aka ɗora wa alhakin sayen mota da kuɗin jama'a, shawarata ita ce ya nemi takardar gwajin da kanta, ya ga wace cibiya ce ta yi shi, ya tabbatar cewa motar da aka gwada ita ce samfurin da za a kawo masa. Ya kuma raba lambar harsashi da lambar nakiya, domin kowace tana da matakinta, kuma mota tana iya yin fice a ɗaya ta gaza a ɗayar. Hilux da aka yi wa waldar faranti a gareji tana iya amfani a gaban ƙaramar bindiga, kuma ba na raina ƙoƙarin maƙeranmu, amma zalunci ne a tura yara a cikinta kan hanyar da ake zargin an binne wani abu a ce musu suna cikin kariya.

Ya kamata kuma a san cewa lambar gwaji iyaka ce da aka auna a filin gwaji. Mai binne bam ba ya bin ma'aunin kowa, kuma a Iraƙi da Afganistan an ga yadda girman abubuwan fashewa ya riƙa ƙaruwa yayin da motoci ke ƙara kauri. Babu motar da aka taɓa ƙerawa wadda ba ta da abin da ya fi ƙarfinta.

Zama a ciki

A nan ne nake son mai karatu ya dakata sosai, domin wannan ne ɓangaren da ke hannun mutanen da ke cikin motar, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ko da ɗakin bai tsage ba, bugun yana ratsa ƙarfe ya shigo. Daɓen motar yana zabura sama da ƙarfin da ke farfasa dunduniya da ƙwauri, motar tana tashi ta dawo ta daki ƙasa, duk abin da ba a ɗaure ba yana tashi. Raunukan da aka fi gani a cikin irin waɗannan motoci su ne karayar ƙafa, da karayar ƙashin baya, da buguwar kai, da fashewar dodon kunne.

Kujerun motar ba a kafa su a daɓe ba. An rataye su ne a bango ko a rufi, wasu da igiyoyi masu ƙarfi, wasu da abin da ke nitsewa a hankali ya shanye bugun kafin ya kai ga ƙashin baya. Wannan dabara ba ta aiki sai mutum yana zaune daram a kujerar, bayansa a jingine, an ɗaure shi da bel mai bi ta kafaɗu biyu da ƙugu. Wanda ya zauna a kan akwatin harsashi ko jarkar ruwa a tsakiyar mota, ko ya tsuguna a daɓe domin kujeru sun cika, ya fitar da kansa daga kariyar da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina masa. Saboda haka a ƙirga kujeru kafin a ƙirga mutane, kuma kwamandan da ya ƙi ɗaukar mutum na goma sha ɗaya a motar mutum goma ya yi masa alheri ne.

Na taɓa tambayar ɗan yayata dalilin da ya sa wasu ba sa ɗaura bel. Ya ce, "Kawu, zafi ne, sannan mutum yana tsoron kada a buɗe wuta ya tsaya kwance ɗamara." Na fahimci uzurin, domin duk wanda ya san ranar bazara a Sakkwato, lokacin da zafi kan haura digiri 40, zai iya kwatanta yadda cikin akwatin ƙarfe yake ga mutumin da ke sanye da rigar sulke da hular kwano. Amma makullin bel ɗin an yi shi ne ya buɗe da murɗa ɗaya, kuma maganin wannan tsoro shi ne a yi ta gwada buɗewa a bariki, ido a rufe, har hannu ya saba. Na'urar sanyaya ɗaki ma a irin wannan mota ba kayan jin daɗi ba ce, domin idan ta lalace dole mutane su buɗe ƙofa da murfin sama su cire hula, kuma daga nan kariya ta fara zubewa. Gyaranta yana cikin gyaran sulke.

Ƙafafu a ɗora su a kan matakin da aka tanada, wanda aka ware shi daga daɓe, kada a shimfiɗa su a kan ƙarfen ƙasa, kada kuma a cusa su ƙarƙashin kujera inda za ta nitso ta danne su. Hular kwano ta zauna a kai, an ɗaure igiyarta a haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba ita ce ke fara barin kai. Bindiga a sa ta a maƙalinta. Akwatin harsashi, da jak, da tukunyar kashe gobara, da rediyo, da kulan ruwa, da kwanon abinci, kowanne a ɗaure shi tamau, domin akwati mai nauyin kilo goma idan bugu ya cilla shi ba shi da bambanci da dutsen da aka jefo daga saman bene. Kafin a tashi, kwamandan mota ya bi da hannunsa ya girgiza kowane kaya, abin da ya motsa a sake ɗaure shi. Ƙofofi a kulle su da sakatarsu ta ciki, kuma kowa ya san inda sakatar take da yadda ake buɗe ta, ya san ƙofar gaggawa ta sama.

Mutumin da ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai bindigar sama, wanda rabin jikinsa ke waje. A watan Janairu na 2008, sojan Amurka na farko da ya mutu sakamakon bam a cikin MRAP a Iraƙi mai bindigar sama ne, yayin da abokansa da ke ciki suka tsira da raunuka. Ya kamata ya kasance a ɗaure da ɗamararsa ta musamman wadda ke hana a cillo shi waje, ya rage tsawonsa yadda kafaɗunsa ba za su wuce garkuwar ba, kuma waɗanda ke ƙasa su san cewa aikinsu ne su jawo shi ciki idan mota ta fara karkata.

Nauyin da ke kare ka shi ne ke kayar da kai

Tsayi da nauyin da ke ceton rai a gaban bam suna da farashinsu. Irin waɗannan motoci galibi suna kai tan 14 zuwa sama, Hilux kuwa ba ta wuce tan biyu da 'yan kai ba. Nauyin yana can sama, don haka motar tana saurin kifewa idan gefen hanya ya zaftare ko direba ya karya kwana da gudu. Sojojin Amurka sun yi asarar mutane a Iraƙi ta hanyar kifewar mota cikin magudanan ruwa, har suka ƙera wata na'ura mai juya ɗakin mota a ƙasa don a koya wa mutane fita idan rufi ya koma ƙasa. Direban da aka ɗauko daga ƙaramar mota yana buƙatar horo na musamman kafin a damƙa masa wannan sitiyari.

A ƙasarmu akwai ƙarin matsala ta damina. Hanyoyin fadama da ƙananan kwalbatoci na ƙauyukan gabashin Sakkwato ba a yi su don ɗaukar irin wannan nauyi ba. A ƙarshen watan Agusta na 2024 motoci biyu masu jure bam sun maƙale a laka a yankin Zurmi na jihar Zamfara, kuma hedikwatar tsaro ta tabbatar da cewa sojoji sun bar su a wurin bayan an kasa fitar da su. Kafin a shiga hanya a irin wannan lokaci, a tambayi mutanen gari ko babbar mota ta bi ta a 'yan kwanakin nan, a tafi da igiyar ja da motar da za ta iya janyo 'yar uwarta, a kuma yarda cewa wata hanyar ba ta wannan mota ba ce sai ruwa ya ɗauke.

Ido kafin ƙarfe

Bam ɗin da ba a taka ba shi ne wanda aka fi tsira daga gare shi. Ayari ya bar tazara tsakanin mota da mota, don kada abu ɗaya ya ci biyu. Kada a mayar da fita a rana ɗaya da sa'a ɗaya ta hanya ɗaya al'ada. A rage gudu a wuraren da hanya ta tilasta wa kowa bin sawu guda, kamar bakin kwalbati, da inda kwalta ta ƙare burji ya fara, da mashigin rafi. Sabuwar ƙasa da aka tona aka mayar, da waya da ta leƙo, da kayan da aka yasar a inda ba a saba gani ba, da hanyar kasuwa da ta yi tsit a ranar kasuwa, duk dalilai ne na tsayawa a kira injiniyoyin soja masu kwance bam. Manomi da makiyayi da direban da ke bin hanyar kullum sun fi kowa sanin abin da ya canza a cikinta, kuma ba za su faɗa ba sai sun amince cewa sunansu ba zai fita ba. Ga farar hula kuwa, doka ɗaya ce: kada ka taɓa, kada ka matsa kusa, ka koma ta sawun da ka zo, ka hana yara da dabbobi zuwa wurin, ka sanar da jami'an tsaro ko mai gari.

Bayan fashewa

Idan abin ya faru, matuƙar babu wuta ko ruwa da ke shigowa, kada a yi rige-rigen dira ƙasa, domin sau da yawa akan binne na biyu don masu fitowa da masu kawo ɗauki, ko a biyo da harbi. A kira sunan kowa a ji amsarsa. A duba ƙasa da ido daga cikin mota kafin a sauke ƙafa. Jinin da ke tsartuwa daga hannu ko ƙafa a ɗaure shi da maɗaurin tsayar da jini, a sama da raunin, a matse har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaura. Ya kamata kowane mutum ya riƙe nasa maɗaurin a wurin da hannu ɗaya zai kai gare shi. Wanda ke kukan baya ko wuya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ja shi ko a naɗe shi sai in zama a wurin ya fi motsa shi haɗari.

Motar da ta taka bam, ko da ta tashi ta yi tafiya, sai masana sun binciki ɗakinta da kujerunta. Kujerar da ta riga ta nitse sau ɗaya tana buƙatar a duba ta ko a sauya ta, kuma tsagar da aka toshe da waldar bakin titi ba ta da ƙarfin ƙarfen asali, domin zafin walda yana canza taurin farantin sulke idan ba a bi ƙa'idarsa ba.

Akwai kuma raunin da ba ya zubar da jini, wanda nake roƙon iyaye da matan sojoji su sa wa ido. Mutum yana iya fitowa daga motar babu ko ƙwarzane, a yi masa barka, alhali ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai. Alamominsa su ne ciwon kai da ba ya tafiya, da jiri, da ƙara a kunne, da mantuwa, da rashin barci, da saurin fushi ga mutumin da a da ba haka yake ba. Duk wanda ke cikin motar da bam ya taɓa ya kamata likita ya gan shi ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, kuma a ba shi hutu kafin a sake fitar da shi, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko illa. Idan ya zo gida hutu kuka ga yana yawan amai, ko barci yana rinjayarsa har da wuyar tashi, ko maganarsa ta fara sarƙewa, ko gefe ɗaya na jikinsa ya yi rauni, kada a tsaya jiran gari ya waye. A kai shi asibitin bariki ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a daren, kuma a gaya wa likita ƙarara cewa yana cikin motar da ta taka bam, da ranar da abin ya faru.